Guzurin Dogon Zango: Daga Goron Fatake Zuwa Ruwan Kiton

Yau za mu yi magana a kan wani ruwa da Turawa su ke sayarwa cikin 'yan ƙananan kwalabe, sunansa kiton. Masu tseren keke da masu gudun dogon zango na Turai da Amurka sun yi shekaru suna shansa, bisa zaton yana ƙara juriya. Tun da ya ke yanzu tallar da aka yi a Landan da hantsi, kafin la'asar ta iso wayar saurayi a Galadi, ya kamata mu san asalin abin nan tun bai shigo kasuwarmu ba. Labarin yana da ɗan tsawo, daga gida kuwa za mu fara shi.

Jirgin ƙasa bai iso Ƙauran Namoda ba sai cikin 1929. Kafin nan, duk kayan da zai fita daga ƙasar Zamfara, ko dai a ka ya tafi, ko bisa jaki, ko takarkari, ko raƙumi. Har bayan zuwan jirgin ma, a Ƙaura dogo ya ƙare, sai an kawo masa gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu. Daga Shinkafi zuwa tasha ya fi mil 30, mai jaki kuwa a ƙasa ya ke bin jakinsa. Wannan ƙaramar tafiya ke nan. Babbar ita ce ta Gwanja. Fatake su kan ɗauki kanwa da tufafi da jar fata, madugu na bisa kan ayari, jagaba na gaba, su yi wata da watanni kafin su kai Salaga su komo da goro. Haka kuma Buzayen da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Balma ɗaukar gishiri.

To, me waɗannan mutane su ke ci har su iya wannan aiki? Gero ne uwar guzurinsu. Bahaushe ya dama fura ko ya ci gumba, Buzu ya kirɓa gero da dabino da cuku ya dama da ruwa. In gajiya ta taso tsakanin zango da zango, sai a ɓare goro.

Goron nan shi ne maganin ƙarfi na farko da Turawa suka yi sha'awa daga wurinmu. Wajen 1885 wani malami a birnin Marsai na ƙasar Faransa, sunansa Heckel, ya yi ta ƙoƙarin a riƙa ba sojan ƙasarsu biskit mai garin goro, don su jure dogon maci. Daga baya wani kamfanin magani na Ingila, Burroughs Wellcome, ya yi ƙwaya ta goro haɗe da hodar ibilis, har masu tafiya ƙasar ƙanƙara suka riƙa guzurinta. Ku riƙe zancen goro a zuci, za mu komo kansa.

'Yan tsere na wancan zamani ba abin da ba su sha ba. A wasannin Olimfik na 1904 a Amurka, wani mai gudu, Thomas Hicks, ƙarfinsa ya ƙare tun da sauran tafiya. Mutanensa suka ba shi farin ƙwai da barasa da ɗan dafin nan da a ke kashe ɓera da shi. Ya ci tseren, amma riƙe shi aka yi a ƙarshe, saura kaɗan ya mutu. Sai cikin 1924 aka fara gane inda gizo ke saƙa. Waɗansu likitoci suka tsaya a ƙarshen tseren birnin Boston, suna ɗibar jinin masu gudu. Suka ga waɗanda suka iso a galabaice, suna rawar jiki, hankali ya gushe, duk sukarin jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Da shekara ta kewayo aka sa su ci abinci mai gari tun jajibere, aka kuma ba su alewa su riƙa tsotsa a hanya. Suka iso da sauran ƙarfinsu.

MURHUN JIKI

Bari mu yi bayanin wannan da abin da kowace mace ta sani a madafa. Jikin mutum itace iri 2 ya ke hura wuta da su. Na farko sukari, wanda ke fitowa daga gero da dawa da shinkafa da masara da dankali. Shi kamar kara ne: da an sa masa wuta sai ta tashi bal-bal, ta tafasa tukunya nan da nan, amma ba ya daɗewa. Jiki ya kan ajiye shi a cikin hanta da tsoka, duka-duka bai fi rabin kilo ba. Cikin 1967 waɗansu likitocin ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, suka riƙa tsakuro ɗan nama daga cinyar masu tuƙa keke da wata irin allura, suna aunawa. Suka tabbatar ajiyar nan ba ta wuce aikin sa'a 1 da rabi ko 2 in aikin mai tsanani ne, kuma wanda ya cika ta da abinci mai gari ya fi daɗewa bai gaji ba.

Na biyu kitse. Shi kamar gungumen ƙirya ne. Ko ramammen mutum yana ɗauke da wanda zai ishe shi tafiyar kwanaki da yawa, amma wutarsa a hankali ta ke ci, kuma ta fi bukatar iska. Mai tafiya sannu bayan jaki, rabin wutarsa ko fiye ta gungume ce. Mai gudu da iyakar ƙarfinsa kuwa, lalle sai kara.

Akwai wata wahala guda. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙona kitse yadda ya ke. In mutum ya kwana 2 ko 3 bai ci ba, sukari ya ƙare, da me za ta rayu? Nan ne hanta ta kan ɗauki kitse ta farfasa shi ƙanana, ta zuba cikin jini, kamar yadda a ke mai da gungume gawayi don ya shiga ƙaramin murhu. Wannan gawayi shi ne kiton. Watau ba baƙon abu ba ne, kowa yana da masana'antarsa a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Mai azumi ma, in la'asar ta yi sakaliya, akwai ɗan kaɗan a jininsa, da ya sha ruwa ya ci abinci sai ya sauka.

Da mugun suna kiton ya shigo littattafan likita. Cikin 1857 wani likita a birnin Firag, Petters, ya same shi cikin fitsarin mai ciwon sukari da ke bakin mutuwa. Cikin 1874 Kussmaul na Jamus ya bayyana irin numfashin nan mai zurfi da masu wannan hali su ke yi kafin su suma. Saboda haka shekaru da yawa dafi a ke ɗaukarsa. Amfaninsa na farko da aka gani, ga masu farfaɗiya ne: cikin 1921 likita Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya shirya abinci mai yawan mai, marar gari, don ya sa jikin yara masu farfaɗiya ya riƙa yin kiton, faɗuwar waɗansu kuwa ta ragu. Har yanzu a kan yi wannan magani, amma a hannun likita. Sa'an nan cikin 1967 Owen da Cahill a Boston suka jarraba mutum 3 masu ƙiba waɗanda suka yarda su bar abinci mako 5 zuwa 6, ruwa da gishiri da bitamin kaɗai. Aka auna jinin da ke shiga kansu da wanda ke fitowa. Ashe wajen kashi 60 cikin 100 na abincin ƙwaƙwalwarsu kiton ne. Kakanninmu da suka tsira daga yunwar Kakalaba ta 1914, da iyayenmu na farin 1973, ba su san sunansa ba, amma yana cikin abin da ya riƙe hankalinsu sa'ad da rumbu ya zama wayam.

YADDA YA SHIGA KWALBA

Soja ne suka fara biyan kuɗin. Cikin 2003 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka tana neman abincin da zai riƙe soja kwanaki a filin daga. Ta ba da dala miliyan 10 ga masana 2, Richard Veech na Amurka da wata malama, Kieran Clarke, ta jami'ar Okasfod a Ingila. Tunaninsu shi ne: in kiton yana zuwa ne kawai sa'ad da sukari ya ƙare, me zai faru in aka ba mutum shi alhali cikinsa a ƙoshe? Ga kara, ga gungume, ga kuma gawayi. Suka haɗa wani ruwa wanda in an sha, cikin rabin sa'a kiton na jini ya kan kai na wanda ya yi kwanaki bai ci ba. Waɗanda suka ɗanɗana sun ce ɗacinsa sai ka ce maɗaci.

Cikin 2016 mutanen Okasfod suka buga sakamakon gwajinsu. A cikinsa akwai ƙwararrun masu keke 8. Aka sa su tuƙi mai ƙarfi sa'a 1, sa'an nan aka ce kowa ya yi iyakar tafiyar da zai iya cikin minti 30. Ran da suka sha kiton haɗe da sukari sun fi ran da suka sha sukari kaɗai da wajen yadi 450, watau kashi 2 cikin 100.

Wani zai ce, kashi 2 ɗin me? Ga manomi ba kome ba ne. Amma babban tseren keke na ƙasar Faransa mako 3 a ke yinsa, tafiyar ta fi mil 2,000, kuma cikin 1989 tsakanin na ɗaya da na biyu sakan 8 ne kacal. Inda sakan 8 ke raba mutum da kambi, kashi 2 cikin 100 dukiya ce. Sai kasuwa ta buɗe. Wajen 2018 kamfanin HVMN na Amurka yana sayar da kwalba 3 a kan dala 99, kowace kwalba kuwa sha ɗaya ce. Cikin 2019 shugaban ƙungiyar Jumbo-Visma ta ƙasar Holan ya faɗa a fili 'yan kekensa suna sha. Waɗansu ƙungiyoyi suka ce su ba za su taɓa ba sai an san ƙarshensa.

A aikin likita, gwaji guda ba ya yanke shari'a, balle na mutum 8, balle kuma wanda masu abin da kansu suka yi. Sai wani ya maimaita a wani gari ya sami daidai. Nan fa labari ya sāke. Cikin 2017 a ƙasar Ostareliya aka ba ƙwararrun 'yan keke 10 wani irin kiton dabam, aka sa su tseren kilomita 31. Suka yi baya da kashi 2 cikin 100, kuma babu wanda cikinsa bai ɓaci ba, daga mai tashin zuciya sai mai amai. Aka ce ai ba irin na Okasfod ba ne. To, masanan jami'ar Luban a ƙasar Beljiyam suka ɗauki irin na Okasfod ɗin, cikin 2020 suka ba masu keke a tsere na sa'a 3 da 'yan kai. Ba su ga ƙari ba. Cikin 2023 a jami'ar McMaster ta Kanada aka jarraba mutum 23 a tseren minti 20, ƙarfin tuƙinsu ya ragu da kashi 2 da ɗan ɗori ran da suka sha.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Kiton abu ne mai tsami, in ya yi yawa ya kan ƙara wa jini tsami, alhali tsokar mai gudu ta riga tana fama da nata. Sai numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Har wa yau, in jiki ya ga kiton a jini sai ya ɗauka yunwa ce ta zo, ya shiga tsimin sukari. Tsimi abu ne mai kyau ga wanda zai yi wata bai ci ba. Ga wanda ke son wuta ta tashi yanzu-yanzu don ya wuce abokin tsere a kan tudu, tsimin nan cuta ne.

Gaskiya ɗaya da za a ba kiton ita ce ta wajen hutawa. Cikin 2019 mutanen Luban ɗin nan suka ɗauki samari 18, suka gallaza musu horo safe da yamma har mako 3. Rabi suna shan kiton bayan aiki da lokacin kwanciya, rabi ba sa sha. A mako na uku masu sha suka fi ɗaukar nauyin horo da kashi 15 cikin 100. Amma ku ji wani abu: masu shan nan an lura sun ƙara cin abinci, sauran kuwa ba su ƙara ba. Ko kiton ne ya yi aikin, ko tuwo? Masana ba su gama gardamar ba. Cikin Oktoba 2025 hukumar tseren keke ta duniya ta ba da sanarwa: ba ta hana ba, amma ba ta ba kowa shawarar sha ba, domin ba ta ga hujja mai ƙarfi ba cewa yana ƙara gudu ko yana gaggauta hutawa.

Akwai kuma masu cewa a bar kwalba, a daina cin gari ɗungum, a koma nama da mai har jiki ya saba yin kiton da kansa. Wannan ma an gwada. Cikin 2017 Louise Burke ta Ostareliya ta ba da labarin ƙwararrun masu tseren tafiyar sauri 21 da aka yi wa horo mako 3. Masu cin mai sun koyi ƙona kitse ƙwarai da gaske, amma sai da suka ƙara shaƙar iska kafin su yi saurin da su ke yi dā. A tseren kilomita 10 masu cin gari suka ci gaba, su kuwa suna nan inda su ke. Mutanen Kenya, waɗanda suka gagari duniya a dogon gudu, an auna abincin waɗansu gwanayensu cikin 2004: fiye da kashi 75 cikin 100 gari ne da sukari, galibi tuwon masara da shinkafa da burodi da shayi mai madara. A ganina, da an kai madugun Gwanja sansaninsu, da bai ga baƙon abu a akushi ba.

Yanzu mu komo kan goro. Abin da ke cikinsa mai kore gajiya sunansa kafeyin, shi ne kuma ke cikin gahawa da shayi. Gwaje-gwaje masu yawa, a ƙasashe dabam-dabam, sun nuna ɗan kaɗan nasa ya kan ƙara juriya da misalin abin da aka yi wa kiton zato. Hukumar hana shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin haramtattu cikin 2004. Abin da aka kashe dala miliyan 10 ana nema bai kai matsayin abin da tsohuwa ke ƙullewa a bakin zane ba. Sai dai goro ba abinci ba ne, gajiyar ya ke ɓoyewa. In ya yi yawa ya kan hana barci ya sa faɗuwar gaba, mai hawan jini da mai gyambon ciki kuwa su yi hattara da shi.

Wanda ya fi damunmu a nan ƙasar, cikin masu ɓoye gajiya, shi ne taramol. Ɗan dako ya sha, mai noman ƙodago ya sha, ɗan acaɓa ya sha, har ɗan dambe kafin ya shiga fage. Binciken da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4 da dubu 600 suna shan irin waɗannan magungunan ciwo ba da izinin likita ba. 'Yan keken Turai ma sun bi ta nan. Cikin 1967 Tom Simpson na Ingila ya faɗi ya mutu a kan wani dutse a tseren Faransa, rana tana zafi, aka sami ƙwayar hana gajiya a jikinsa. Taramol kansa hukumar keke ta hana shi cikin 2019, aka ƙwace wa Nairo Quintana matsayinsa na 6 a tseren 2022 saboda shi, daga farkon 2024 kuwa aka hana shi a dukan wasanni. Ba ya ƙara ko tsinken kara a murhu. Gajiya kare ne mai gadi, taramol kuwa ɗaure masa baki ya ke yi. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi, wanda ya saba kuma ba ya iya ɗaga fartanya sai da shi.

Wanda ke da doguwar tafiya gobe, ko wasa, ko wunin huɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ci tuwonsa ya ƙoshi tun daren yau, ya yi barci. Da safe ya sha kunu ko koko. In aikin zai wuce sa'a 1 da rabi, kada ya jira sai gwiwa ta mutu: ya riƙa kurɓar fura, ko ya ci dabino 2 ko 3, lokaci-lokaci. A zafin bazara mai aikin ƙarfi ya kan zubar da gumi lita 1 ko fiye cikin sa'a guda, gumi kuwa da gishiri ya ke fita, saboda haka a sha ruwa mai tsabta a kai a kai, abinci kuma kada ya rasa gishiri. Bayan an tashi, a ci abinci da wuri, da wake ko nono ko ɗan nama, don tsoka ta gyara abin da ta ɓata.

Saura mutum guda wanda kiton ya shafa fiye da kowane ɗan tsere, shi ne mai ciwon sukari. Ga mai lafiya, sinadarin insulin ya kan tsai da hanta in kiton ya kai gwargwado. Mai ciwon sukari, in insulin ya gaza masa, ba mai tsai da ita, sai ta yi ta zubawa har jini ya yi tsamin da ke kisa, abin nan da Petters da Kussmaul suka gani. Ya kan faru in an bar allura, ko in zazzaɓi ko wani ciwo ya kama shi. Alamunsa su ne ƙishirwa mai tsanani, da yawan fitsari, da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu, bakinsa kuma yana wari irin na ruwan goge jan farce. Yaro ko saurayi da ke ta ramewa yana ta shan ruwa, wani lokaci da wannan ne ciwon ke fara bayyana. In kun ga haka, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe, kada ku ce sai gari ya waye. A kai shi babban asibitin Ƙaura, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, duk wanda ya fi kusa, a gaya wa ma'aikata a auna sukarinsa, a kuma tsoma 'yar takardar awo cikin fitsarinsa don a duba kiton. Mai ciwon sukari kada ya taɓa ruwan kwalbar nan, kada ya shiga tsarin barin gari, in kuma zai yi azumi ya ga likitansa tun watan bai kama ba.